Shaidar Takarda da Shaidar Ido: Wa Ya Cancanci Duba Aikin Wani?

Sunan da Bahaushe ya laƙaba wa difloma yana ɗauke da nauyin da ba kullum muke lura da shi ba. Mukan ce «takardar shaida». Shaida kuwa, ko a gaban alƙali ko a zauren mai gari, mutum ne da ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa, sa'an nan ya miƙe a bainar jama'a ya faɗi abin da ya sani, ya kuma yarda a kama shi idan ƙarya ya yi. Ashe ke nan duk takardar da hukuma ta buga wa hatimi ta miƙa wa ma'aikaci, magana ce ta wani mai ba da shaida da ke ce wa al'umma: na ga wannan mutum, na auna shi, ku amince da shi.

Idan takardar ta makaniki ce ko ta akawu, abin da aka auna a fili yake, domin mota ko dai ta tashi ko ta ƙi tashi, lissafi ko dai ya daidaita ko ya ƙi. To amma idan takardar ta wanda za a ɗora bisa wasu ce, wato daraktan lakwal, ko mai ba malamai shawara kan dabarun koyarwa, ko sufeton makarantu, ko shugaban gidan likita na ƙauye, me mai ba da shaidar ya gani kafin ya sa hannu? Kuma wane hakki ne ya hau kansa ranar da ya sa?

Nauyin da ke kan na tsakiya

Talaka ba ya ganin minista. Abin da yake gani shi ne ko malami ya zo aji ran Litinin, ko an buɗe ɗakin haihuwa da dare, ko takardar da ya kai biro ta fito ko ta kwana cikin durowa. Waɗannan al'amura duka a hannun shugabannin tsakiya suke, mutanen da ba su tsara siyasar ƙasa ba, amma ta hannunsu take isa ga jama'a ko ta mutu a hanya. Saurayin da aka tura koyarwa wani ƙauye na Dakwaro ko na Tanut, ya tarar da aji na zana da yara sun fi sittin, ba shi da wata gwamnati da ta wuce daraktansa da mai ba da shawarar da ke zuwa bisa babur. Idan waɗannan biyu sun riƙe shi, ya zama malami. Idan sun sake shi, sai ya koyi sana'ar bisa kawunan yaran mutane, yadda ɗan koyon aski yake yi.

A Nijar wannan nauyi ya ƙaru ƙwarai tun ƙarshen ƙarnin da ya shige. Daga 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya aka koma kira ƴan kwantaragi, sa'an nan shirin shekara goma na bunƙasa ilimi da ya soma a 2003 ya buɗe makarantu birni da ƙauye. Yara sun shiga lakwal da yawan da ba a taɓa gani ba, abin farin ciki ne. Sai dai an ɗauki malamai da gaggawa, da yawansu da horo kaɗan, har ƴan kwantaragi suka zama su ne mafi rinjaye a firamare. Tsarin da aka gina haka ya dogara ne da zaton cewa akwai na sama da za su ƙarasa horon a bakin aiki.

A watan Yuli na 2017, lokacin da Dawuda Mamadu Marte yake ministan ilimin firamare, aka yi wa dubun-dubatar malaman kwantaragi jarrabawar auna ƙwarewa, duk da adawar wasu ƙungiyoyin malamai. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai suka sami rabin maki. An yi ta muhawara kan malaman, wasu na zarginsu, wasu na kare su. Amma akwai tambayar da ta fi cancantar a tsaya kanta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan malamai yana da darakta, yana ƙarƙashin wani mai ba da shawara da wani sufeto, kuma shekara da shekaru ana cika takardu a kansa ana sa hannu. Idan jarrabawar yini ɗaya ko biyu ta tono abin da rahotannin shekaru ba su faɗa ba, to ko dai masu sa hannun ba su gani ba, ko sun gani sun yi shiru, ko kuwa sun faɗa ba a saurare su ba. Kowace daga cikin ukun ta zama gaskiya, matsalar ta wuce malamin aji.

Hakkin jarrabawa a kanmu

Kafin a soki takarda, ya kamata a ba ta hakkinta. Jarrabawar gasa tana cikin manyan dabarun da ɗan Adam ya ƙago don yaƙar gado da alfarma a aikin hukuma. Ƙasar Sin ta fara zaɓen ma'aikatan sarki ta hanyar jarrabawa tun farkon ƙarni na 7, ba ta daina ba sai a 1905, wato wajen shekara 1300. A Ingila, rahoton Northcote da Trevelyan na 1854 ya nemi a daina raba muƙamai ga ƴan uwa da barori, a koma ga gasa. Faransa ta kafa makarantarta ta koyon aikin mulki, ENA, a 1945 zamanin Janar Digol, da niyyar buɗe manyan muƙamai ga wanda ya cancanta ko ɗan wane ne. Nijar ta kafa tata ENA a Yamai a 1963, shekara uku bayan samun ƴancin kai, lokacin da ƙasar ke da ƙarancin ƴan boko da za su karɓi aikin da Turawa suka bari. Sufetoci da masu ba malamai shawara kuwa, babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni ce ta horar da da yawansu.

Darajar jarrabawa tana cikin makantarta. Mai gyaran takarda bai san sunan mai ita ba, bai san garinsu ba, bai san jam'iyyar ubansa ba. Ɗan manomi daga Madawa da ɗan babban ma'aikaci daga Yamai alƙalami ɗaya ne ke auna su. Malamai da yawa da ke karanta wannan shafi sun san cewa ba don wannan makanta ba, da ba su taɓa fita daga inda aka haife su ba. Saboda haka duk mai cewa a jingine takarda a duba hali, sai a tambaye shi tukuna: wa zai duba, kuma ɗan wa zai gani?

Abin da jarrabawa ba ta gani

Sai dai makantar da ta sa jarrabawa ta yi adalci, ita ce kuma iyakarta. Tana iya auna ko mutum ya san dokar aiki, ko ya iya tsara rahoto, ko ya fahimci yadda yaro ke koyon karatu. Waɗannan ilimi ne, ana iya ganinsu cikin awa huɗu a ɗakin jarrabawa. Aikin shugaba kuwa mafi yawansa a wani fage yake. Darakta ya lura wata malama ba ta zuwa aji, ya kuma san matar wani mai faɗa-a-ji ce: zai rubuta ko zai kau da kai? Sufeto ya shiga ajin wanda suka yi makaranta tare, ya tarar yaran aji huɗu ba su iya karanta jimla ɗaya ba: me zai sa a rahoto? Mai ba da shawara ya ga kuskure a bisa allo: zai gyara malamin a gaban yara ya zubar masa da mutunci, ko zai jira a tashi ya ja shi gefe? Kowane ɗan takara ya san amsar da ake so a takarda. Abin da ba a sani ba shi ne abin da zai yi ranar da amsar za ta ja masa asara. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Masanin falsafa na Girka, Aristotal, ya bambanta ƙwarewar sana'a da hikimar sanin abin da ya dace a aikata a wani hali na musamman, ya kuma nuna cewa ta biyun ba a samunta sai da daɗewa cikin aikatawa. Bahaushe ma ya raba ilimi da hankali, ya ce sanin hali ya fi sanin kama. Lokacin da Baturen nan Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa cikin ɗan littafinsa na 1974, ya lissafo gaskiya da amana da haƙuri da adalci da kiyaye mutuncin mutane da makamantansu. Mai karatu ya duba da kyau: waɗannan su ne ainihin kayan aikin shugaba, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ake iya ba maki bisa ashirin da safe ɗaya.

Akwai kuma wani ruɗi da ya zama ruwan dare, wato zaton cewa wanda ya iya aiki ya iya shugabancin masu aikin. Wani malamin tarbiyya ɗan Kanada, Laurence Peter, ya yi suna a 1969 da ra'ayin cewa a kowace ma'aikata akan yi ta ƙara wa mutum girma saboda ya iya aikin da yake yi, har a kai shi matsayin da bai iya ba, a can kuma zai tabbata. Gwanin malamin lissafi da aka naɗa darakta ba tare da wani horo ba, an yi asarar malami, ba a kuma tabbatar an sami darakta ba. Koyar da yara daban, riƙon manya daban.

Daɗin daɗawa, horon da aka samu a makaranta ba shi ne na ƙarshe ba. Masu bincike na cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, musamman Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa, sun daɗe suna nuna cewa a ma'aikatun gwamnati akwai ƙa'idoji iri biyu: waɗanda ke rubuce, da waɗanda ake bi a aikace ba tare da an rubuta su ba. Sabon ma'aikaci yakan zo da na farko a ka, cikin ƴan watanni ya koyi na biyu daga waɗanda ya tarar: ƙarfe nawa ake zuwa da gaske, wa ake taɓawa, wa ba a taɓawa, wane maki ake ba kowa don a zauna lafiya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ashe babbar makarantar kowane shugaba ita ce shugaban da ya fara aiki a ƙarƙashinsa, makarantar da ba ta da manhaja, ba ta ba da difloma, kuma ba kasafai ake duba ta ba.

Shaidu biyu na gida

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan matsala, tana da hanyoyinta na tabbatar da cancanta tun kafin zuwan boko. Ta farko ita ce ijaza ta malaman zaure. Ɗalibi ya karanta littafi a gaban malami daga fari har ƙarshe, malamin ya ba shi izinin karantar da shi, ya ambaci sunansa da na malamin da shi ma ya karɓa daga gare shi, haka har a kai ga mawallafi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin ƙasar da yau take jihar Tawa, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas don neman ilimi, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusuki, don lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Ijaza, a asalinta, tana faɗin abin da aka karanta, ba ta wuce shi ba. Sa'an nan mai shaidar yana da suna: idan ɗalibin ya fito yana kwaɓa, kowa ya san ɗalibin wane ne, kunyar kuma ta malaminsa ce.

Ta biyu ita ce sarautar noma yadda aka san ta a ƙasashen Maraɗi da kewaye. Manomi ba ya zama sarkin noma da faɗar bakinsa. Sai ya noma dami dubu, an ƙirga a gaban jama'a, an yi biki, ya kuma raba wa mutane daga abin da ya samu. Shaidar a nan ta gari ce gaba ɗaya, abin da aka shaida kuwa aiki ne da ido ya gani, tare da halin da mutumin ya nuna bayan ya samu.

Ba a ce waɗannan hanyoyi ba su da aibi ba. An sha ba da ijaza don girmamawa kawai, kuma dami dubu ya fi sauƙi ga mai gandu da yawan hannuwa. Amma suna riƙe da abin da takardar zamani ta saki. Difloma takan fito da sunan hukuma, ba wani mutum guda da zai ji kunya idan mai ita ya ci amana. Kuma takan yi shaida fiye da abin da ta gani: ta ga ilimin yini ɗaya, ta ba da izinin shugabancin shekara talatin.

Haɗarin auna hali

Mai hankali zai ce: to, idan aka buɗe ƙofar auna hali, ai an buɗe ƙofar son rai. Wanda zai ce wane mutumin kirki ne, shi ne kuma zai ce wane ba namu ba ne. A ƙasar da dangantaka da abota da sanayya da jam'iyya suke da ƙarfi wajen naɗi da canjin wurin aiki, «hali» zai iya zama sabon sunan alfarma. Wannan suka gaskiya ce, ba a kuma kawar da ita da fatan alheri.

Wasu kuma sukan ce maganin abin tsoro ne, su tuna da zamanin Janar Saini Kunce, daga 1974 zuwa 1987, da ziyarar ba-zata da yakan kai ma'aikatu, da yadda ma'aikata ke rige-rigen isa biro kan lokaci. Tsoro yana kawo mutum wurin aiki, wannan ba shakka. Amma ba ya koya wa darakta yadda zai taimaki malamin da ke fama, kuma tsarin da ya rataya ga idon mutum guda yakan sassauta ranar da idon ya rufe.

Mafita, a ganina, ita ce a daina neman auna zuciya, a koma auna aikin da zuciyar ta haifar. Ba wanda ya isa ya ba amana maki, amma ana iya sanin sau nawa darakta ya zauna cikin ajin malaminsa a shekara, me ya gaya masa, ko malamin ya gyaru bayan haka. Ana iya sanin ko rahoton sufeto ya yi daidai da abin da yaran suka iya karantawa. Ana iya duba ko shugaba ya ba duk na ƙasa da shi maki 18 ko 19 bisa 20, gwani da rago bai ɗaya, abin da ke nuna bai duba ba ko bai so ya faɗa ba. Waɗannan damman hatsi ne, ana ƙirga su.

Bisa wannan, jarrabawar gasa ta ci gaba da zama ƙofar shiga, domin ita ce garkuwar ɗan talaka. Amma kada takardar shugabanci ta fito ranar da aka ci jarrabawa. A bar mai neman muƙamin ya yi shekara guda yana aikin a gefen wani gogagge da aka zaɓa da kyau, a ƙarshe gogaggen ya sa sunansa a takardar yadda mai ijaza yake yi, a kuma riƙa waiwayar waɗanda ya shaida don a san nauyin shaidarsa. A ji ta bakin waɗanda aka shugabanta, malamai da kwamitin iyayen yara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo; yawan shaidu shi ke rage ƙarfin son ran mutum ɗaya. Sa'an nan takardar ta kasance mai wa'adi, a sabunta ta bayan ƴan shekaru. Faransa kanta, wadda muka gaji tsarin daga gare ta, ta rufe ENA ta maye gurbinta da wata sabuwar cibiya a farkon 2022, kuma cikin sukar da aka daɗe ana yi wa tsohuwar makarantar har da cewa matsayin da matashi ya samu ranar fita shi ke yanke masa makomar aikinsa har tsufa. Na san wanzami ba ya son jarfa. Amma wanda aikinsa shi ne auna wasu, shi ya fi kowa cancantar ya miƙa kai a auna shi.

Hakkin da ke kan hukuma, da wanda ke kan mai alƙalami

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Ba a neman shaida daga wanda aka hana shi gani. Mai ba da shawarar da aka ɗora wa makarantu barkatai a warwatse cikin daji, ba man babur, ba kuɗin hanya, ko daraktan da shi ma yake riƙe da aji tun safe har yamma, idan aka ce su cika takardar duba malamai, an tura su ne ga rubuta abin da ba su gani ba. Haka kuma sufeton da ya rubuta gaskiya, aka yi waya daga sama aka soke hukuncinsa, ko aka canza masa wurin aiki, an koya wa duk abokan aikinsa darasin da ya fi na kowace makaranta shiga kai. Hukumar da ke son shugabanni masu gaskiya, wajibinta ne ta ba su abin zuwa su gani, ta kuma tsaya bayansu idan sun faɗi abin da suka gani.

Duk da haka, uzurin hukuma bai sauke nauyin mutum ba. Wanda bai je ba yana iya rubuta cewa bai je ba. Wanda bai gani ba yana iya barin gurbin a buɗe. Sa hannu bisa abin da ba a gani ba, ko bisa saɓanin abin da aka gani, sunansa ɗaya ne a Hausa, ko a kotu aka yi shi ko a biro: shaidar zur. Bambancin kawai shi ne, a kotu wanda aka zalunta yana tsaye yana kallon mai shaidar, yana iya musantawa. A nan kuwa waɗanda shaidar ta shafa yara ne ƴan shekara bakwai da takwas, zaune bisa tabarma a ajin zana, ba su san an rubuta kome a kansu ba, sai bayan shekara shida su fito ba su iya karanta sunansu ba, a ce su ne ba su da ƙoƙari.